Daga Darussalam zuwa Amani da tulun naitrojin a bayan mota

Abin da ya kai ni Tanzaniya shi ne koyon ciro RNA daga ganyen rogo. Da na isa cibiyar binciken da ta karɓe ni a Darussalam, malamar da ke kula da ɗakin gwajin, wadda babba da yaro ke kira Dada, ta ce ba za ta bar ni in taɓa turmi ba sai na je gona na ga inda ganyen ke fitowa. "Mwalimu," in ji ta, "mafi yawan samfurin da ake cewa ya lalace a hannunmu tun a hanya ya mutu. Gawa ake kawo mana, sannan a ce ba mu iya aiki ba." Saboda haka aka sa ni cikin ayarin da zai tafi arewa tare da ita, yankin Tanga, ya zagaya gonakin rogo ya ɗebo ganye.

Sai an san halin RNA kafin a gane abin da take tsoro. DNA kundi ne da ke ajiye a tsakiyar ƙwayar halitta, RNA kuwa takardar aike ce da ake kwafowa daga kundin a miƙa wa masu haɗa furotin, da sun karanta a kekketa ta. Saboda yanzu aka yi shi, ba domin ajiya ba. A jikin sukarin da aka gina shi da shi akwai ƙarin iskar oksijin guda da DNA ba shi da ita, kuma wannan ɗan ƙari kan sa sarƙar ta tsinke da kanta, musamman da zafi ko a cikin ruwa mai kanwa-kanwa. Ga kuma wani inzayim, wato furotin mai gudanar da aikin sinadarai, da ake kira RNase, wanda ba shi da wani aiki sai datsa RNA. Yana cikin ganyen kansa, a tsare a wasu ɗakuna na ƙwayar halitta, da an murje ganyen sai ya fito ya faɗa wa abin da aka zo nema. Yana kan fatar hannun mutum, yana cikin gumi da yawu da ƙura.

Da asuba muka yi lodi. Kaya mafi muhimmanci shi ne tulun ƙarfe mai bango biyu, wanda cikinsa ke shafe da wani abu mai shan ruwa. Tun jiya da yamma aka cika shi da ruwan naitrojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, aka bar shi ya sha ya ƙoshi, da safe aka tsiyaye ragowar. Irin wannan tulu ko ya faɗi babu abin da zai zube, kuma yana riƙe sanyin da ya wuce digiri 150 ƙasa da sifiri na kwanaki. Akwai ƙarami na biyu mai ruwan a cikinsa, domin tsoma ganye a gona. Shi ne direbanmu ya ɗaure a buɗaɗɗen bayan mota ya ce ko za a yi yaƙi ba zai shiga inda mutane ke zaune ba. Yana da gaskiya. Lita ɗaya ta ruwan naitrojin idan ta koma iska takan cika wurin lita kusan 700, ba ta da wari ba ta da launi, ta kori iskar shaƙa a rufaffiyar mota mutum bai sani ba sai dai barci ya kwashe shi. Murfin tulun ma ba a toshe shi gam, ɗora shi kawai ake yi, don in an toshe fashewa zai yi.

Fita daga Darussalam ta hanyar Morogoro aikin haƙuri ne. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Zambiya da Kwango da Ruwanda sun yi jerin gwano har bayan Kibaha. A Chalinze muka karkata arewa, hanya ta buɗe, muka haye kogin Wami, itatuwan kuka suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Daga mararrabar Segera muka yi gabas. Nan ne gonakin sisal suka fara, tsiron da ake yin igiya da zarensa, an jera shi layi-layi iyakar ganin ido, duwatsun Usambara kuma suka bayyana ta hagu da gajimare a kansu. Kafin la'asar muna Muheza.

Gonakin da ke gindin waɗannan duwatsu su ne inda aka fara rubuta labarin cutar da muka zo nema. A 1936 masanin cututtukan tsirrai ɗan Birtaniya, H. H. Storey, wanda ke aiki a tashar bincike ta Amani, ya ba da rahoton wata cutar rogo mai barin zane ruwan ƙasa a jikin kara. Shekaru da dama ana ɗaukarta cutar bakin teku ce, daga Kenya zuwa Mozambik da gefen tafkin Malawi, wadda ba ta hawa tudun da ya wuce mita 1,000. A 2004 sai ga ta a tsakiyar Yuganda, daga nan ta bazu ƙasashen da ke kewaye da manyan tafkuna. Bairas iri biyu ne 'yan gida ɗaya ke haddasa ta, kuma dukansu gadonsu a RNA yake rubuce, sarƙa guda mai haruffa wajen 9,000. Farin ƙuda na ɗaukar su daga tsiro zuwa tsiro, amma babban mai yaɗa su shi ne mutum, domin rogo da kara ake shuka shi, karan uwa mai cuta kuwa 'ya'ya masu cuta yake haifarwa. Wannan shi ya bambanta aikin da na ɗaya cutar rogon, mai murɗe ganye ta yi masa dabbare-dabbare: bairas ɗinta na DNA ne, ganyen da ya sha wahalar hanya ma yakan ba da amsa. Mai RNA ba ya yafe wa kowa.

Gona ta farko ta wani dattijo ce. Matasan ayarin suka gaishe shi da shikamoo, ya amsa da marahaba, ni ma na bi sahu. Da ka tsaya a bakin gonar sai ka ce lafiya lau take, kore shar, ganye a buɗe. Sai da jami'in gonar da ya rako mu ya sunkuya ya ɗaga tsofaffin ganyen ƙasa na ga rawaya tana bin ƙananan jijiyoyi. Ganyen bai murɗe ba, bai ƙanƙance ba. Wanda bai sani ba zai ce tsufa ne ko ƙarancin taki. Dada ta ce, "Mzee, ka yarda mu tuge guda?" Ya tuge da kansa, ya sa adda ya tsaga saiwar. Daga waje ta yi wuya-wuya, a ciki kuma ga busasshen ruɓa ruwan ƙasa ya cinye farin. Ya ce shi ya sa yanzu ba ya barin rogo ya daɗe a ƙasa, gara ya tuge shi bai gama girma ba da ya jira ya tarar da wannan. A irin da ba ya jure cutar, an auna asarar da ta kai kashi 70 cikin 100 na nauyin saiwa.

Tsarin zagayen gona a kafe yake: a bi gonar a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, a duba tsiro 30, a ƙirga farin ƙuda a ganye biyar na sama ta hanyar juya su a hankali kada su tashi, a ba alamun cuta maki daga 1 zuwa 5. Wannan duk mai ido zai iya. Inda hannu ke bambanta shi ne wurin yanka. Mutum ɗaya ya riƙe almakashi, ɗaya ya buɗe 'yar jakar alminiyam da aka riga aka rubuta wa lamba, na uku yana tsaye da hantsaki a bakin tulu. A yanka, a naɗe, a tsoma. Ruwan ya tafasa ya yi ƙara, farin tururi ya malalo ƙasa, shi ke nan. Kafin a matsa tsiro na gaba a goge almakashi, a sauya safar hannu in ta taɓa farin ruwan rogo. Lamba da fensir ake rubutawa, don tawada da takardar liƙi sukan bare a irin wannan sanyi.

Na tambayi Dada dalilin wannan gaggawa, tunda bairas ba gudu zai yi ba. Ta ce aiki biyu muka ɗauko. Na ɗaya, a san ko bairas yana nan. Na biyu na wata ɗaliba ce da ke son sanin waɗanne ƙwayoyin gado ne ke farkawa a irin rogon da ke jure cutar, kamar Namikonga da Kiroba, idan aka kwatanta da irin da cutar ke kayarwa. A aiki na biyu ganyen da aka yanka ba matacce ba ne. Ya ji rauni, kuma cikin 'yan mintoci zai fara rubuta sabbin saƙonnin RNA na rauni da ƙishirwa, yana share na da. Idan ya yi rabin sa'a a aljihu kafin ya daskare, abin da za a karanta a Darussalam labarin aljihu ne, ba na gona ba. Har lokacin yini yana shiga lissafi, domin abin da ganye ke rubutawa da hantsi daban yake da na yamma. Shi ya sa samfuran ɗalibar duka tsakanin ƙarfe tara da goma sha ɗaya na safe aka ɗebe su, ko da hakan na nufin a bar gona a dawo gobe.

A gonar dattijon Dada ta yi wani abu da ta ce saboda ni ne. Daga tsiron da aka tuge ta ciri ganye uku masu alamu iri ɗaya. Ɗaya ya shiga naitrojin. Ɗaya ta shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu a cikin matsin katako, irin na masu adana busassun tsirrai. Na uku ta jefa shi cikin leda ta ƙulle, ta ajiye a gaban mota inda rana ke duka, ta ce wa direba kada ya taɓa.

Da muka gama da gonakin Muheza na roƙa a hau da ni Amani. Tazarar ba ta fi kilomita 35 ba, amma hanyar hawa ce mai lanƙwasa, jar laka, ga ruwan sama ya sauka da dare. Bayan Sigi daji ya rufe mu, dogayen itatuwa da igiyoyi na reto, iska ta yi sanyi har na nemi rigar sama. Sau da yawa sai mun sauka an duba igiyar tulun. A can sama, wajen mita 900 daga teku, ga gine-ginen dutse da Jamusawa suka fara kafawa a 1902, lokacin da suka buɗe cibiyar binciken noma da tsirrai, ga lambun itatuwan da suka tattaro daga sassan duniya ya zama kurmi, can gaba kuma gonakin shayi. A nan ne Storey da waɗanda suka gaje shi suka yi ta haɗa rogo da danginsa na daji, musamman wata bishiyar roba 'yar asalin Brazil, don neman jurewar cuta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka mayar da binciken noma Muguga a Kenya, Amani ta koma wurin binciken zazzaɓin cizon sauro, aikin rogon kuma ya tsaya a 1957. Amma irin bai ɓace ba. Jikokinsa sun shiga gonakin manoma a gabar teku, wasu sun kai har Ibadan, inda aka gina irin rogo masu jure cutar murɗe ganye a kansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen nan duk aikinsu da ido suka yi shi, da dasa kara a jikin kara. Ba su taɓa ganin bairas ɗin ba. Sai a 2001 aka karanta wani yanki na RNA ɗinsa aka san danginsa.

Komawa Darussalam babu tsayawa sai shan mai. Da daddare muka isa, kuma babu wanda ya tafi gida sai da aka kwashe jakunkunan daga tulu zuwa firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri, da sauri, a kan busasshiyar ƙanƙara.

Ɗakin RNA ɗan ƙarami ne, a ware. Fifet ɗinsa, wato 'yan bututun ɗibar ɗigon ruwa, ba sa fita, na waje ba sa shiga. Turamen tangaran an naɗe su an gasa a tanda mai digiri 180 na sa'o'i, domin tukunyar tururin da ke kashe ƙwayoyin cuta ba ta gamawa da RNase. Ruwan aiki an zuba masa DEPC, maganin kashe RNase, kashi 0.1 cikin 100 ya kwana, sannan aka dafa shi. Ba a hira a kan buɗaɗɗen bututu. Wanda ya sosa fuska ko ya taɓa waya ya sauya safa. Da farko na ɗauka abin ya yi yawa, sai Dada ta tuna mini tarihin wannan inzayim. Saboda taurin kansa ne ya zama abin wasan masana furotin: wani kamfanin nama na Chicago, Armour, ya tace kilo guda nasa daga gaɓar cikin shanu da ke fitar da insulin, ya rarraba wa masu bincike. Christian Anfinsen ya warware shi da sinadarai, ya janye sinadaran, sai ga shi ya naɗe kansa ya koma aiki, kuma wannan ya ba shi rabin kyautar Nobel ta 1972. Ƙaramin furotin ne mai amino asid 124, an ɗaure shi da gadoji huɗu na sulfa. Ɗaya daga cikin sinadaran da Anfinsen ya tsinka gadojin da su, makaftoyitanol, shi ne muke zubawa a ruwan aikinmu, kuma shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke bin rigar mutum har masauki.

Niƙa ita ce wurin da ake gane wanda ya iya. A zuba naitrojin a turmi har ya daina tafasa da ƙarfi, a sanyaya taɓarya da ɗan cokali, a jefa ganye. Yana fashewa da ƙara. A fara da dannawa a hankali kada gutsattsari su yi tsalle, ruwan na ƙafewa a ƙara sauri, har ya zama gari mai laushi, kore mai haske. Launin shi ne ma'auni. Da ya fara duhu yana kama jikin turmi, ya narke, RNase ya farka. Ana buƙatar niƙan ne saboda ƙwayar halittar tsiro tana da bango mai tauri wanda sabulu kaɗai ba ya fasawa. Abin da ake ɗiba kaɗan ne, miligiram 100 ko ƙasa da haka. Masu koyo kan cika bututu suna zaton yawan gari yawan RNA ne, alhali yawan datti ne da zai fi ƙarfin ruwan aikin.

A yawancin ɗakunan gwaji na duniya, hanyar da aka fi sani ita ce wadda Piotr Chomczynski da Nicoletta Sacchi suka wallafa a 1987, ta gishirin guwanidiniyam da fenol mai tsami da kulorofom, wadda ake sayarwa a kwalba da sunan TRIzol. A wuri mai tsami DNA yakan bar hawan ruwan da ke saman bututu, RNA ya zauna. Tana aiki sosai a naman dabba da ganye marasa rigima. Rogo mai rigima ne. Ganyensa cike yake da sinadaran fenol na tsiro, waɗanda da sun sha iska sai su yi duhu su manne wa RNA ba saki, ga danƙo da dogayen sukari masu kwantawa tare da shi. Saiwar ta fi muni, domin sitaci na kumbura a cikin guwanidiniyam ya zama kunu, ya toshe 'yar matatar silika da ke cikin akwatunan da kamfanoni ke sayarwa. Don haka a nan hanyar sabulun CTAB suke bi, wadda Chang da Puryear da Cairney suka daidaita a 1993 saboda itacen fain, wani mai taurin kan. A ganina duk wanda zai yi aiki da tsirrai masu ƙaro ko sitaci gara ya fara da ita. Tana cin lokaci, amma kowane mataki mutum na ganin abin da ke faruwa, kuma in abu ya ɓaci ya san inda zai gyara.

Ruwan aikin yana jira a digiri 65. A cikinsa akwai sabulun CTAB kashi 2 cikin 100 mai fasa fatar ƙwayar halitta, da PVP mai kama sinadaran fenol kafin su kama RNA, da gishiri mai yawa da ke hana dogayen sukari kwantawa, da EDTA mai kama ƙarfen da wasu inzayim ke buƙata, da mai warin nan. Garin yana shiga daga sanyi kai tsaye zuwa zafi, a girgiza nan take, ta yadda duk ƙwayar da ta narke a cikin maganin ta narke. Bayan kamar minti goma sha biyar a ƙara kulorofom da aka gauraya da barasar aisoamil, 24 da 1, a cikin akwatin zuƙe tururi. A sa a injin wulwulawa. Abin da ke fitowa hawa uku ne: kore mai duhu a ƙasa, farin fatsi-fatsi na furotin da tarkace a tsakiya, ruwa garau a sama. Na saman ake so. Dada ta tsaya a kaina tana kallon bakin fifet. "Bar musu na ƙarshen, Mwalimu. Kwaɗayin ɗigo biyu shi ke ɓata bututu." A maimaita kulorofom, sannan a zuba gishirin litiyam kulorayid a bar shi ya kwana a digiri 4. Wannan gishiri yana kwantar da dogon RNA ya bar mafi yawan DNA da sukari a cikin ruwa. Aibinsa shi ne yana barin ƙananan RNA su ma, don haka mai neman su sai ya bi ta barasar aisofurofanol.

Washegari a sake wulwulawa da sanyi. Abin da ke kwance a gindin bututu wani lokaci ido ba ya ganinsa, shi ya sa ake jera bututun da maratayin murfi yana kallon waje, don a san gefen da ya kwanta. A wanke da etanol kashi 70, a bar shi ya sha iska kaɗan, kada ya bushe ƙayau don ba zai narku ba, a narkar da shi a ɗigon ruwa, a sa masa DNase ya cinye ragowar DNA. Wannan mataki na ƙarshe ɗalibar ba ta wasa da shi, domin na'ura ba ta bambanta saƙo da kundin da aka kwafo shi.

Awo biyu ake yi, kuma mutane sun fi yarda da wanda bai kamata ba. Na farko na'ura ce da ake ɗiga wa maikurolita ɗaya, ta auna hasken da ya sha. A tsayin haske 260, maki 1 na nufin maikurogiram 40 na RNA a mililita. Idan aka raba awon 260 da na 280 ana son a ga wajen 2.0, ƙasa da haka akwai furotin ko fenol. Na 260 da 230 shi ma ana son ya kai 2.0, kuma a rogo shi ne ke tona asirin sukari da gishiri. Matsalar ita ce RNA da aka daddatsa yana shan haske daidai da lafiyayye, har ma ya ɗara. Ganyen ledar nan ya ba da lambobin da ba za a kushe ba. Awo na biyu shi ne jel na agaros, inda lantarki ke jan RNA ƙanana su riga manya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na RNA ɗin ƙwayar halitta na ribosom ne, wato masu haɗa furotin, saƙonnin da ake nema ba su wuce kashi 1 zuwa 5 ba kuma ba a ganinsu, don haka na ribosom ne shaida. A tsiro ana neman layi biyu, 25S da 18S, na sama ya fi na ƙasa haske, a ganye kuma da wasu ƙanana a ƙarƙashinsu daga kuloroflas, ɗakunan da ke ba ganye korensa, waɗanda baƙo kan ɗauka lalacewa ce.

A ƙarƙashin hasken UV ganyen dattijon uku suka jeru. Na naitrojin layi biyu tsaf. Na jarida layukan sun dushe, da hazo a ƙarƙashinsu, amma suna nan. Na leda babu layi ko ɗaya, sai wani haske da ya taru can ƙasan jel.

Daga nan aka juya RNA zuwa DNA da inzayim ɗin da Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970, kowa a nasa ɗakin, sannan PCR, hanyar kwafar DNA da yawa, ta ninka wani ɗan yanki na gadon da ke haɗa rigar bairas. An tsara gwajin yadda kowane ɗaya cikin bairas biyun zai ba da gutsure mai tsayi daban. Na naitrojin ya nuna bairas. Na jarida ma ya nuna, domin yankin da ake nema gajere ne, yakan tsira ko sarƙar ta tsintsinke. Na leda ya fito fes, kamar tsiron da muka ga ruɓarsa da idonmu lafiyarsa ƙalau. Abin da ya hana a rubuta masa "babu cuta" shi ne ana gwada wata ƙwayar gado ta rogon kansa a kowane samfuri, wadda dole ta fito ko da cuta ko babu. A na leda ita ma ba ta fito ba. Inda ba a sa wannan shaida, irin wannan sakamako takardar izini ce ta raba kara mai cuta ga manoma.

Na fi jin daɗin sakamakon jaridar a kan na naitrojin. Ba kowace cibiya ke samun ruwan naitrojin ba, kuma ba kowace gona mota ke kaiwa ba. Ga mai neman bairas kawai, matsin katako da jarida, ko leda mai tsakuwar silika da ke shanye danshi da wuri, sun wadatar, muddin ganyen ya bushe da sauri ba a rana ba, domin RNase ma sai da ruwa yake aiki. Ga mai tambaya irin ta ɗalibar kuwa babu makawa sai sanyi, ko ruwan gishirin adanawa irin RNAlater, shi ma sai an yanyanka ganyen ƙanana don fatarsa mai kakin zuma ba ta barin ruwa ya ratsa.

Cikin samfuran da muka kawo akwai na wata gona da ake shirin sayen karanta a raba a matsayin iri. A zagayenmu ba mu ga alama a ganyenta ba. Wasu daga cikin tsirranta sun nuna bairas. Dada ta sa aka sake ciro RNA daga ragowar garin da ke firiza, wani ma'aikacin daban ya yi, da sabbin sinadarai, amsa ta dawo yadda take. Sannan ta ɗaga waya ta kira jami'in gona na Muheza ta ce a dakatar da yankan karan, kuma a shirya musu masauki mako mai zuwa, za su dawo su ɗebi gonar layi-layi.